Kimiyyar Firamare Ba Ta Jiran Ɗakin Gwaje-gwaje

Kwanakin baya ɗan ƙanwata, ɗan aji biyar, ya kawo mini littafin rubutunsa in taya shi bitar jarrabawa. Darasin a kan yadda jikin dabbobi ya dace da wuraren da suke rayuwa ne. Shafi biyu cur ya kwafo daga allo da Turanci: ma'anar kalma, sai jerin misalai. Na farko wata farar dabba ta yankin ƙanƙara, na biyu tsuntsun fengwin, na uku raƙumi. Ya karanto mini su tas, babu gargada. Sai na tambaye shi me ya sa ƙafar agwagwar gidansu ta bambanta da ta kaza. Ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, ba a ba mu wannan ba." A ƙarƙashin raƙumi kuwa an rubuta musu cewa ruwa yake tarawa a tozonsa, alhali ba haka ba ne.

Duk wanda ka kai wa irin wannan kuka, amsa ɗaya za ka ji. Malami zai ce babu kayan aiki. Hedimasta zai ce babu ɗakin gwaje-gwaje. Iyaye ma sun karɓa, sun yarda cewa kimiyya abu ce da ke zuwa cikin kwali daga waje, idan kwalin bai iso ba sai a haƙura da alli da allo. Wannan ra'ayi ya zauna daram a zukatanmu har ba ma jin nauyinsa. Ni kuwa ina ganin kuskure ne babba, kuma ɓarnar da yake yi wa yaranmu ta fi ta rashin kayan.

Ban musa cewa makarantunmu na cikin talauci ba. Ɗalibin sakandare mai koyon haɗa sinadarai dole ya sami kwalabe da ma'auni. Amma yaro ɗan shekara 10 da ake so ya gane dalilin da ya sa wannan dabba take rayuwa a nan, waccan kuma ba ta iyawa, idonsa da tambaya kawai yake bukata. Kuma da wuya a sami ƙasar da ta fi tamu dacewa da wannan darasi, domin a nan shekara rabuwa take yi gida biyu: 'yan watannin damina, sai dogon rani mai ƙona ƙasa. Duk abin da ke numfashi a tsakaninmu yana da dabarar tsallake wannan rani, in ba haka ba da tuni ya ƙare.

Mu fara da raƙumin da aka yi wa ƙarya a allo. Kitse ne a tozonsa, guzurin abinci, shi ya sa idan ya sha wahalar tafiya za ka ga tozon ya langaɓe. Kowane mahauci da ya taɓa feɗe raƙumi ya san haka. Dabarar ruwansa daban ce: yana iya shan kusan lita 100 cikin kwata ɗin awa, sannan ya riƙa tattalinsa. Kashinsa busasshe, fitsarinsa kaɗan ne mai kauri. Wani masani mai suna Knut Schmidt-Nielsen ya auna raƙuma a saharar Aljeriya a shekarun 1950, ya gano cewa idan ƙishirwa ta kama raƙumi yakan bar zafin jikinsa ya sauka zuwa digiri 34 da asuba, ya hau ya wuce 40 da rana, don kada ya yi asarar ruwa wajen gumi. Da wannan jiki ne ayarin Buzaye ke ratsa rairayi daga Agadas zuwa Bilma ɗauko gishiri. Yaron da aka tsayar gaban raƙumi ranar kasuwa, aka ce ya dubi faɗin tafin ƙafarsa da gashin idonsa da yadda hancinsa ke rufewa, ya faɗi amfanin kowanne, ya koyi abin da shafi biyun can ba su ba shi ba.

Amma gaiwa ce ta fi ba ni takaicin rashinta a littattafan nan. Kifi ne mai huhu. Idan ruwan fadama ya fara janyewa, sai ta nutsa cikin laka, ta naɗe, jikinta ya fitar da yauƙi ya bushe ya zame mata kamar jaka, ta bar 'yar kafa ta shaƙar iska. Haka za ta kwanta wata da watanni, ƙasa ta tsattsage a samanta, har ruwa ya dawo. Me take ci a duk tsawon wannan lokaci? Hausawa sun daɗe da ba da amsa, suka ce gaiwa jikinta take ci. Masana da suka bincika sun tarar haka ɗin ne: tsokar jikinta take narkarwa a hankali tana rayuwa a kai. Kakanninmu da ke haƙo ta a busasshiyar fadama sun lura da abin, suka adana shi a cikin harshe. Yaron Hadeja ko Nguru ya taso yana jin wannan magana, wataƙila ma ya taɓa riƙe gaiwar a hannu, amma da ya shiga aji sai a nuna masa cewa kimiyya tana can wurin tsuntsun da ba zai taɓa gani ba. Daga gaiwar nan kuma malami zai iya kai yara ga babbar tambaya: tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Hadeja da Nguru ta ragu. Dabbar da dabararta ita ce jiran ruwa, yaya za ta yi idan ruwan ya daina zuwa inda take?

Misalan ba sa ƙarewa. Shamuwa tana iso mana gab da damina, lokacin da fara da tsutsa suka yawaita, ta yi sheƙa ta ƙyanƙyashe, idan rani ya kawo kai ta nufi kudancin Afirka. Tarwaɗa tana daɗewa da rai a cikin roba da ɗan ruwa a kasuwa, saboda tana da abin shaƙar iska bayan wanda sauran kifaye ke da shi. Ɗan Fulani da ke zaune a bayan aji ya san shanunsu farare ba sa jure sammoren da tsando ke kawowa a kurmi, alhali gajerun shanun muturu na kudu suna jurewa. Wannan yaro malami ne a wannan darasi, mu kuwa mun zaunar da shi yana kwafar abin da bai gane ba.

Kada a ɗauka ina cewa duk abin da aka gada a gida daidai ne. Mutane da yawa sun yarda beguwa harbo ƙayarta take yi kamar kibiya, alhali ƙayar tana zarewa ne idan ta soki abin da ya taɓa ta. Aikin aji ke nan: yaro ya kawo abin da ya ji, a tambaye shi wa ya gani da ido, a tankaɗe a rairaye. Wannan tankaɗe da rairaya ita ce kimiyyar, kuma ba a kwafarta daga allo.

Akwai kuma wani kuskure da hadda ke shukawa. Yara da yawa sun fita firamare suna zaton dabba ce ke ganin wahala ta sauya jikinta da gangan. Abin da ke faruwa shi ne, a cikin kowane garke akwai bambanci. Waɗanda jikinsu ya fi dacewa da wurin su ke tsira su haihu, 'ya'yansu su gaje su. Wanda ya gane wannan tun yana aji shida zai fahimci dalilin da ya sa kulorakwin ya daina kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro har Nijeriya ta sauya magani a 2005, da dalilin da ya sa maganin feshin da ya yi aiki bara yake gazawa bana. Manomi ne gobe, ko uwa mai ba yaro magani. Darasin nan zai bi shi har gona da ɗaki.

Na san abin da malamai za su ce, kuma ba na raina shi. Aji ɗaya yara sun haura 100, albashi ba ya kai wata, halin tsaro bai bari a fita da yara daji ba. Gaskiya ne. Sai dai ba daji nake cewa a je ba. A harabar makaranta akwai ƙadangare da ke shan hantsi a kan katanga ya gudu inuwa da azahar. Akwai surin gara. Akwai akuya mai idanu a gefen kai da kyanwa mai idanu a gaba. A tambayi yara wace ce mai farauta, wace ce ake farauta, kuma ta yaya suka sani. Kaza ɗaya da agwagwa ɗaya da robar ruwa sun isa darasin minti 35, ko da yara 100 ne.

Sai batun harshe, wanda ba ya rabuwa da wannan. Yaro ba zai yi gardama a kan gaiwa da harshen da yake tsoron yin kuskure a cikinsa ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare ba su gaza takwarorinsu ba, sun ma fi su a darussa da dama. Ko da manufar gwamnati ta ce Turanci, babu abin da ya hana malami barin yara su yi tunani da muhawara da Hausa, sannan ya ba su kalmar Turancin da jarrabawa ke nema.

Masu ɗari-ɗari da darasin saboda addini kuwa, su koma Suratul Gashiya, aya ta 17. Kallon raƙumi da nazarin yadda aka halicce shi aka kira mu mu yi.

Malam, Malama, idan wannan darasi ya zagayo a zangon nan, ku ajiye allin na minti goma. Ku tambayi yaran ina kwaɗi suke shiga da rani, kuma daga ina suke fitowa daren ruwan farko. Ku bar su su yi ta musu, sannan ku tura su gida su tambayi kakanninsu, su dawo da amsa gobe.