Waiwaye: Fumfunar da ke Gadin Saiwar Tumatir

Kafin buhun takin zamani ya zama ruwan dare, mai lambu a bakin kogin Yedzaram a Mubi ba ya dasa tumatir sai ya zuba ruɓaɓɓen kashin shanu a fangali. Mubi kuwa gari ne mai babbar kasuwar shanu, taki bai taɓa wuya ba. Dattijo zai tona juji da hannu ya duba. In ya yi baƙi ya huce, ga farin zare-zare a cikinsa kamar saƙar gizo, sai ya ce ya nuna. In da zafi da wari, a bar shi tukuna, zai ƙone dashe.

Zaren nan sau da yawa fumfuna ce, kuma ba kowace fumfuna ke cuta ba. Tun 1932 wani masani a Amurka, Richard Weindling, ya nuna cewa wadda ake kira Trichoderma tana nannaɗe fumfunar da ke kashe tsiro ta cinye ta. Takan zauna jikin saiwa ta riga cuta kama wuri, saiwar kuma ta ƙara yaɗo. Akwai wata ma da ke shiga cikin saiwar, tana jawo ruwa da sinadarin fosfaras daga nesa, tsiro yana biyan ta da sukari.

Duk manomin rani ya san aikin abokiyar gabarsu, fumfuna mai cuta: tumatir ya yi yaushi da rana, ya farfaɗo da yamma, ganyen gefe guda ya yi rawaya, ka tsaga kara ka ga cikinsa ya yi ja-ja-ja.

A 2016 tsutsar da manoma suka raɗa wa Sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna. Tun daga nan hannunmu ya saba da feshi, maganin ƙwari da na fumfuna a tanki ɗaya, har a kwarara wa gindin shuka. A ganina nan muka yi ganganci, domin maganin fumfuna ba ya tambayar wace ce mai gadi.

Hanyar kare shuka da fumfuna dai ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Aflasafe na cibiyar IITA ta Ibadan fumfuna ce da ke kare masara da gyaɗa. Trichoderma ma ana sayar da garinta, sai dai mai rai ce: zafin shago da rana na kashe ta, kuma a wurin renon iri ake gauraya ta da taki tun kafin dashe. Tumatirin da ya riga ya yi yaushi, ba za ta tashe shi ba.