Tulun guntayen katako da kyautar bankwana a ofisoshin Abuja

Barkono da albasar da 'yan kasuwar Arewa ke saukewa a Ose Okwodu, bakin kogin Kwara a Anacha, akasarinsu turmi ne makomarsu. Shi kuwa turmi, kamar akushi, daga gungume guda ake fafe shi da gizago, kuma masassaƙa sun fi son kirya saboda taurinta. To, irin wannan gungume yana ƙara wuyar samu. Masu gawayi sun far wa kirya. Madobiya kuma, wadda 'yan katako ke kira madrid, an yi ta lodinta daga Taraba zuwa China har yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a 2017.

Akwai sana'ar da ba ta bukatar gungume ko ɗaya. Mai ita yana tsinto guntayen da kafintoci ke zubarwa, ya yanka su ƙanana, ya manne da gam su zama zobe. Idan gunta 12 za su yi zobe ɗaya, kowane gefe sai an yanke shi a kan digiri 15 cif. Kuskuren rabin digiri ya isa ya bar kafa a mahaɗa. Sai a jera zobba bisa juna kamar ginin bulo, a ɗaura a injin da ke juya katako, a yi ta fiƙewa har tulun furanni ya fito, jan maɗaci na bin farin malaina. Wahalar tana wajen busar da itacen. Tulun da aka haɗa da ɗanyen katako cikin laimar Anacha, hunturun Abuja na farko zai tsage shi a mahaɗa.

Ma'aikacin tarayya zai ce ina ruwansa. Ruwansa shi ne kyautar bankwana. Duk sanda darakta zai yi ritaya ko baƙo ya zo daga waje, wani hadimi ne ake aika ya sayo lambar gilashi ko agogon bango, yawanci na shigowa. Alhali tun watan Mayun 2017 Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a Umarnin Zartarwa mai lamba 003, wanda ya wajabta wa ma'aikatu fifita kayan gida wajen saye.

Za a ce tulun hannu ya fi tsada, kuma mai injin ɗaya ba zai kawo ɗari cikin mako guda ba. Haka ne, ga kuma matsalar wutar lantarki. Amma ranar ritayar darakta ba ta zuwa bagatatan. Tana rubuce a fayil shekaru kafin ta zo. Ofishin da ya ba da oda wata uku kafin bikin ya ba itacen lokacin bushewa, ya kuma ba mai sana'ar dalilin ɗaukar yaro ɗaya ya koya masa yankan digiri 15.