Sharhi: Wa zai ɗauki asarar kayan da ke kan kanta a Abossey Okai?

Kasuwar Abossey Okai da ke Accra ita ce babbar cibiyar kayan gyaran mota a Ghana, kuma iyalai da dama na Sabon Zango, Nima da Maamobi da ita suke ci, daga masu shaguna har makanikai da direbobi. Babbar matsalar ɗan kasuwa a nan ita ce jarin da ke kwance cikin kaya, alhali darajar sidi ba ta tsayawa wuri guda.

A shekarar 2022 sidi ya faɗi ƙwarai, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba. Wanda ya sayar a farashin jiya ya kasa sake saro irin kayan. A 2025 kuma lamarin ya juya: dala ta sauko daga kusan sidi 15 zuwa wajen 10 cikin 'yan makonni. An rage kuɗin mota da kashi 15 cikin ɗari a watan Mayu, aka kuma matsa wa 'yan kasuwar su rage farashin kayan da suka shigo da su ta tashar Tema lokacin da dala ke da tsada. A duka lokutan biyu, mai riƙe da kaya ne ya ji jiki.

Akwai tsarin da manyan kamfanoni ke bi don rage wannan nauyi, wanda Walmart da Procter & Gamble suka shahara da shi a Amurka tun ƙarshen shekarun 1980. Mai kawo kaya ne ke duba abin da shago ya sayar, shi ke yanke shawarar abin da zai ƙaro da lokacin da zai ƙaro shi. Sau da yawa kayan nasa ne har sai an sayar. Mai shago ya huta da bashin banki, mai kawowa kuma ya san abin da ke tafiya.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan. Tun zamanin fataucin goro daga Salaga, maigida da dillali kan riƙe kayan wani bisa amana. Bambancin shi ne tsarin yau yana bukatar rubutaccen lissafi na kullum.

Sai dai akwai cikas uku. Na farko, yawancin kayan kasuwar na hannu ne, kowane inji da lafiyarsa, don haka tsarin ya fi dacewa da sababbin kaya masu lamba, kamar batir, taya, filogi da man inji. Na biyu, wanda ya buɗe wa dila littafinsa ya nuna masa abokan cinikinsa, gobe yana iya tsallake shi. Na uku shi ne doka. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan Ghana ƙananan ciniki a kasuwa, ta kuma ɗora wa baƙo mai kasuwanci jarin dala miliyan ɗaya. A kanta ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA ta sha takun-saƙa da 'yan Najeriya, har aka rufe shaguna a 2019 da 2020. Idan kaya na baƙo ne, shago na ɗan ƙasa, ana iya zargin cewa fakewa aka yi da sunansa.

Saboda haka, ɗan Zango mai dila a Legas, Lome ko Dubai kada ya tsaya ga alkawarin baki. A rubuta wa ke da kayan, da wane kuɗi za a biya, da wanda zai ɗauki asara idan sidi ya motsa ko kaya suka kwana. Amana ba ta hana shaida.