Kada Mu Yi wa Kwamfuta Jana'iza Saboda Kati Ɗaya

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu duk lokacin da kwamfutar ɗayanmu ta ƙi kama intanet ɗin makaranta, wato a ce, "Ai ta tsufa, sai dai a sake wata." Ni kam ban yarda da wannan hukunci ba. Da yawa daga cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannunmu tokumbo ne, irin waɗanda ake sayowa a Computer Village ta Ikeja da makamantanta, kuma da su muke buga jinga da kundin kammala digiri. Idan irin wannan ta daina jituwa da Wi-Fi, sau da yawa laifin na wani ɗan kati ne da ke cikinta, wanda girmansa bai wuce na kan sarki ba.

Rashin jituwar kala-kala ne. Akwai tsofaffin katuna da zango ɗaya kawai suke ji, wato 2.4 GHz, saboda haka in na'urar rarraba intanet tana watsawa a kan 5 GHz, ko sunanta ba za su gani ba. Akwai waɗanda ba su san WPA3 ba, tsarin tsaron da ya fito a 2018. Amma wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na Linux. Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar mafi yawan tsofaffin kwamfutoci, mafita ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce Ubuntu ko Linux Mint. To, kowane kati yana buƙatar wata manhaja da ke yi masa tafinta da kwamfuta, wadda masu gyara ke kira direba. Direban katunan Intel yana zuwa a cikin Linux ɗin kanta, amma na wasu katunan Broadcom sai an sauko da shi daga intanet. Ka ga ke nan sai kana da intanet kafin ka sami abin da zai ba ka intanet!

Ba na cewa kowa ya ɗauki sukudireba yau ya farke kwamfutarsa. A fara sabunta direba tukuna, domin Intel da kanta ta bayyana cewa wasu tsofaffin katunanta, irin su 7260, ba sa ganin na'urorin Wi-Fi 6 sai an sabunta musu shi. In hakan bai yi ba, sai a sauya kati. Aikin bai taka kara ya karya ba: a kashe kwamfuta, a cire batir, a buɗe murfin ƙasa, a ɓalle siraran wayoyin eriya guda biyu, a kwance ɗan notin da ke riƙe da katin, a zare shi a sa sabo. Kati irin Intel AX200, wanda ya fito a 2019, yana jin zangon biyu, yana ɗauke da Bluetooth, kuma Linux ta san shi. Kuɗinsa ko kusa bai kama ƙafar kuɗin wata kwamfutar ba.

Sai dai a yi hattara wajen saye. Ramin kati iri biyu ne: tsohon, Mini PCIe, da na baya-bayan nan, M.2, kuma kawunan wayoyin eriyarsu ma ba girma ɗaya ba ne. Sannan ga AX201, wanda lamba ɗaya ce ta raba shi da AX200, amma rabin aikinsa yana cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar ne, don haka sai a wasu injinan Intel kaɗai yake tashi.

Wani zai ce me ya sa ba za a sayi 'yar na'urar Wi-Fi ta USB a soka a gefe ba, a huta? Gaskiya tana fitar da mutum kunya a rana ɗaya. Amma eriyarta ƙarama ce, alhali ta cikin kwamfuta a jikin murfin allo aka shimfiɗa ta, ta fi jawo sigina. Ga shi ta cinye rami ɗaya, ga saurin karyewa a jakar ɗalibin da ke kokawar shiga danfo.

Inda nake da ƙorafi sosai shi ne kan kamfanonin da kansu. Tsofaffin ThinkPad na Lenovo, irin su T420 da X220, suna da jerin katunan da aka yarda da su a cikin BIOS. Ka sa wanda ba ya cikin jerin, kwamfutar ta nuna maka lamba 1802 ta ƙi tashi. Wasu tsofaffin HP ma haka suke yi, da lamba 104. Hujjar da ake bayarwa ita ce hukumomin sadarwa, kamar FCC ta Amurka, kati da eriya tare suke tantancewa. Na ji, amma ai wasu kamfanonin ba su kulle nasu ba, kuma dokar ɗaya ce. Yanzu kuma siraran kwamfutoci da yawa an like musu katin da dalma a jikin babban allo, ba ya ma ciruwa. Wanda ya saye ta sabuwa a Turai bai damu ba, zai rabu da ita kafin katin ya tsufa. Mu da take isowa hannunmu bayan shekaru, mu ke kwana a ciki.

Saboda haka duk wanda zai sayi tokumbo, bayan ya duba batir da allo, ya sa mai shago ya nuna masa sunan katin, ya kuma tambaya ko mai ciruwa ne. In Linux zai sa, ya tafi da ita a filashi ya tayar da kwamfutar da ita a nan cikin shagon, ya ga ko za ta kama Wi-Fi ɗin wayarsa kafin ya ƙirga kuɗi.