Mai Karɓar Lasisi, Iyakarsa Zaure

Da yawanmu a Gezawa ba mu san cewa rediyon da manomi ke ratayawa zuwa gona akwai kuɗin lasisi a kansa ba. To, akwai. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin. Ba mu ja da wannan. Abin da ba za mu lamunta ba shi ne wani ya ɗauka don yana riƙe da rasit, yana da ikon ɗaga labulen matar aure ya ƙirga akwatunan talabijin.

Kundin nan dai, a sashe na 37, ya kare sirrin gidan ɗan ƙasa. Tun kafin a rubuta shi ma kakanninmu suka gina zaure, baƙo ya yi sallama ya jira. Ko a Ingila, inda kuɗin lasisi ke riƙe da BBC, jami'i ba ya shiga gida sai da yardar maigida ko takardar kotu.

Duk wanda ya zo da sunan lasisi, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a ba shi ruwa, a nemi katin shaidarsa da takardar da ta faɗi adadin kuɗin. In an biya, a karɓi rasit. In ya dage sai ya leƙa ciki, ya kawo izinin alƙali. Wai me ma zai ƙirga? Mu masu rubuta manhaja mun san wayar da ke aljihunsa rediyo ce, kuma talabijin ce.