Shin Wanda Ya Kasa Yana da Bakin Magana?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami na rubuto wa wannan mujalla tamu shi ne wani suna da aka laƙaba mini a ɗakin cin abinci, wanda har yau ya ƙi sakina. Ranar Asabar ɗin da gidanmu ya sha kashi da ci 3 da 1 a gasar ƙwallon ƙafa ta gidaje, muna zaune da dare kowa ya tasa tuwonsa a gaba ba mai cewa uffan, sai ƙaiƙayin baki ya kama ni. Na ce ai duk ƙwallaye ukun nan ta gefen hagu suka shigo, domin mai lamba uku namu in ya tafi gaba ba ya komowa da wuri. Kyaftin ɗinmu, wanda yake gaba da ni da aji ɗaya, ya ɗago kai ya ce, "Kai, rufe mana baki. Ka taɓa sa takalmin ƙwallo a ƙafarka?" Na ce, "A'a, Siniya." Kafin in ƙara wata kalma sai wani daga can ƙarshen tebur ya ɗaga murya ya ce, "Ku bar shi, Gary Neville ɗin gidanmu ke nan. Baki kamar reza, a ba shi ƙungiya a ɗura masa bakwai." Aka tuntsire da dariya. Tun daga ranar har 'yan aji ɗaya Neville suke kirana idan sun ga ba firifet a kusa.

To, na karɓi sunan. Amma tun da an yi da nufin zagi ne, ina so in faɗi dalilin da ya sa nake ganin mai sunan na ainihi bai cancanci zagin ba.

Ga wanda bai san shi ba, Gary Neville Bature ne ɗan Ingila, an haife shi a 1975. Ɗan baya ne na gefen dama, kuma ƙungiya ɗaya tak ya yi wa wasa duk rayuwarsa, wato Manchester United. Ya buga mata wasa 602, ya ci kofin Firimiya sau 8 tare da ita, ya buga wa ƙasarsa wasa 85, ya kuma zama kyaftin a 2005 bayan tafiyar Roy Keane. A watan Fabrairu na 2011 ya ajiye takalmi, a wannan shekarar kuma gidan talabijin na Sky Sports ya ɗauke shi aikin sharhi. Da yawa daga cikin masu kallo a Ingila sun yi tsaki da suka ji labari, musamman magoya bayan Liverpool, domin ba su manta da 2006 ba, lokacin da ya sheƙo a guje ya zo gabansu yana murnar ƙwallon da aka ci su, har hukumar ƙwallo ta ci shi tarar fam 5,000. Suka ce mutumin da ya ƙi su haka ba zai taɓa faɗin gaskiya a kansu ba.

Sai ga shi abin ya zo da mamaki. A shirin da ake yi ran Litinin da dare, Neville yakan tsaya gaban wani babban allo, ya tsayar da hoton wasa cak, ya zana da'ira a kan ɗan wasa guda, ya ce ku dubi inda wannan ya tsaya. Sa'an nan ya mayar da hoton baya kaɗan, ya nuna cewa kuskuren da ya jawo ƙwallo ba na mai tsaron gida ba ne kamar yadda kowa ya zata, tun a tsakiyar fili wani ya yi sakaci ya bar mutuminsa. Ni kaina lokacin hutu na ga guntayen wannan shiri a wayar yayana, kuma a nan na fara gane cewa ashe da ƙwallon kawai nake bi da ido, mutum 21 da ba su riƙe da ita ban san abin da suke ciki ba. A 2013 aka haɗa shi da Jamie Carragher, tsohon ɗan bayan Liverpool, abokin gabarsa na da, suka zama kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai, kullum suna musu amma ba a raba su.

Yanzu bari in zo kan bakwai ɗin da aka yi mini gori da ita, domin gaskiya ce, ba zan ɓoye ba. A watan Disamba na 2015 aka naɗa Neville kocin Valencia ta ƙasar Sifen. Mai ƙungiyar, Peter Lim, wani attajiri ne ɗan Singafo, kuma abokin harkarsa ne tun a ƙaramar ƙungiyar Salford City. Neville bai taɓa riƙe ƙungiya a matsayin babban koci ba, kuma ba ya jin harshen mutanen da zai horar. Wasa tara na farko a gasar ƙasar bai ci ko ɗaya ba. A watan Fabrairu na 2016 Barcelona ta lallasa shi da ci 7 da nema, Suarez ya zura huɗu, Messi uku. Kafin watan Maris ya ƙare an sallame shi, bai cika wata huɗu ba. Ya tattara nasa ya nasa ya komo gaban allonsa.

Hujjar masu zaginsa ke nan gaba ɗaya: mutumin da ya shekara huɗu yana gaya wa koci-koci kuskurensu, an ba shi wuƙa da nama ya yanke yatsa, saboda haka ya yi shiru har abada. Da farko nima na ga kamar maganar tana da ƙarfi. Amma da na zauna na yi tunani sai na ga an haɗa sana'a biyu ne an mayar da su ɗaya.

Ku dubi masu dara a ƙofar gida. Wanda yake tsaye a kansu sau da yawa yakan hango cin da mai wasan bai gani ba, domin shi ba a ƙure shi ba, zuciyarsa ba ta bugawa, ba kuma shi za a yi wa dariya ba in an cinye shi. A zaunar da shi a gurbin mai wasa, mai yiwuwa ne a cinye shi tas. Wannan bai mayar da abin da ya hango ɗazu ƙarya ba. Aikin koci ya ƙunshi abubuwa da yawa da ba su shafi gani ba. Sai ya lallashi yaron da aka ajiye a benci, ya tsawata wa tauraron da kansa ya kumbura, ya sa mutum ashirin da wani abu su yarda da shi ranar da aka ci su, kuma duk wannan da baki ake yi, Neville kuwa sai da tafinta. Aikin mai sharhi shi ne ya ga abin da ya faru, ya san dalilinsa, ya faɗe shi yadda mai shayi da ɗan makaranta za su gane cikin minti biyu. Valencia ta nuna mana Neville bai iya na farkon ba. Ban ga inda ta nuna bai iya na biyun ba.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Thierry Henry, wanda ya ci wa Arsenal ƙwallo 228, ya bar aikin sharhi a Sky a 2018 don ya rungumi horarwa, ya karɓi Monaco a watan Oktoba, aka raba shi da aikin a watan Janairu na 2019. Na lura magoya bayan Arsenal na ɗakinmu, waɗanda suka fi kowa dariyar bakwai ɗin Valencia, ba sa son a tayar da wannan zance.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ya fi shafata. Idan ƙa'idar ita ce sai wanda ya yi fice a fili zai buɗe baki, to Pele da Maradona ne kaɗai suka cancanci magana a zamaninsu. Amma iyayenmu da suka saurari wasa a rediyo ba su da wanda suke yabo kamar marigayi Ernest Okonkwo na Rediyon Najeriya, wanda ba a san shi da taka leda ba, da murya aka san shi. Shi ya raɗa wa Segun Odegbami sunan da ya danganta shi da lissafi, ya kira Christian Chukwu shugaba, sunayen suka bi su har tsufa. Mahaifina ya ce a wancan lokaci akwai masu kunna talabijin su kashe muryarsa, su ajiye rediyo a gefe don su ji Okonkwo. Haka Peter Drury da ake rububin jin muryarsa a gidajen kallo, ɗan jarida ne tun asali. Su waɗannan aikinsu ba da labarin wasa yana gudana, tsohon ɗan wasa kuma yakan zauna kusa da su ya ƙara abin da su ba su sani ba, kamar yadda ƙafa take yin nauyi a minti na 85, ko abin da ɗan baya yake ji idan mai gudu ya tunkaro shi kuma ya san ba mai rufa masa baya. Kowa da abin da ya kawo.

Kada a ce na zama maroƙin Neville, yana da laifinsa, kuma ba ƙarami ba ne. A watan Oktoba na 2021 Liverpool ta je har gida ta ci Manchester United 5 da nema. Kocin United a lokacin, Ole Gunnar Solskjaer, abokin wasansa ne na shekaru. Neville ya soki 'yan wasa, ya soki tsarin ƙungiya, amma ya ƙi cewa a sauke kocin, har aka sauke shi a watan Nuwamba. Ya kare kansa da cewa shi ba ya kiran a kori kowane koci. Wataƙila haka ne, amma mai kallo yana da ikon ya yi zargin cewa abota ce ta riƙe masa harshe. A ganina wannan ita ce babbar cutar tsohon tauraro idan ya shiga talabijin. Mutanen da aka ɗauke shi ya auna, da su ya ci abinci, ya san matansu da 'ya'yansu, gobe kuma za su haɗu a wurin biki. Wani lokaci kuma bakin yakan zarce. A wasan ƙarshe na kofin Lig a watan Fabrairu na 2024, da Liverpool ta ci Chelsea 1 da nema da yara matasa a fili, ya kira 'yan Chelsea da sunan da ke nufin an kashe musu dukiya mai yawa amma ba su da zuciya. Wannan ba sharhi ba ne, ba'a ce irin ta ɗakin kwana, kuma na tabbata wanda ya laƙaba mini suna, da yake ɗan Chelsea ne, wannan ce take cinsa har yau.

Sai dai a tuna masa da watan Afrilu na 2021, lokacin da manyan ƙungiyoyi 12 na Turai, shida daga Ingila har da Chelsea da United, suka ƙulla za su ware su kafa gasarsu ta masu kuɗi wadda ba a fitar da su ko sun sha kashi. Neville ya fito a talabijin ya yi wa shirin kaca-kaca, bai ragawa ƙungiyarsa ba, ya ce haɗama ce tsagwaronta, a rage musu maki. Cikin kwana biyu zuwa uku shirin ya wargaje. Ba shi kaɗai ya rushe shi ba, magoya baya sun fito kan titi, gwamnatin Ingila ma ta sa baki. Amma maganar ta yi nauyi ne saboda daga bakin wanda ya yi wa United wasa 602 ta fito. Da ni na faɗa, ko kurar unguwarmu ba za ta waiwayo ba.

Wani abu kuma da nake so 'yan wasan makarantarmu su duba. Neville yana da shekara 35 ya daina wasa. Mutum mai shekara 35 in Allah ya ba shi rai bai ma kai rabin hanya ba a wajen neman abinci. Abin da ya ci da shi bayan ƙafa ta gaji shi ne iya tsara magana, da haƙurin zama ya kalli wasa ɗaya sau da yawa yana rubutu kafin ya fito gaban jama'a. A nan gida ma an sha ganin Victor Ikpeba, gwarzon ɗan wasan Afirka na 1997, da Jay-Jay Okocha suna sharhi a SuperSport, Odegbami kuwa, wanda ya ci biyu a wasan da Najeriya ta doke Aljeriya 3 da nema ta ɗauki kofin Afirka a Legas a 1980, ya daɗe yana rubutu a jaridu. Kujerun nan kaɗan ne ƙwarai, tsofaffin 'yan wasa kuwa ba su ƙirguwa. Duk da haka a ajinmu akwai waɗanda da an shiga darasin Hausa ko na Ingilishi sai su kifa kai a tebur, wai su Turai za su tafi, insha'i ba zai ci musu ƙwallo ba.

Siniya Kyaftin, ina neman afuwa in na yi rashin kunya a gaban tuwo, lokacin bai dace ba, ran kowa a ɓace yake. Gaskiyarka ce ban taɓa sa takalmin ƙwallo ba, kuma in aka ba ni gidanmu in horar, bakwai ɗin ma sai an yi mini rangwame. Amma ina tsaye a bayan raga tun daga busan farko har na ƙarshe, kai kuwa kana can gaba kana fama da mutum biyu, bayanka ba ido. Ƙwallo ta farko da ta uku, mai lamba uku yana tsallaken layin tsakiya aka ci su. Ta biyu ya komo, amma a makare, shi ya sa ya yi ƙeta aka ba da bugun tazara.

Ran Asabar mai zuwa muna da wasan neman na uku, kuma mai lamba bakwai na gidan da za mu kara da su ya fi na wancan makon gudu. Zan zo da littafina da fensir in tsaya inda na saba.