Sharhi: Tsohuwar ƙidayar da ta kayar da Lincoln a Illinois

A shekarar 1858, a jihar Illinois ta Amurka, Abraham Lincoln na jam'iyyar Republican ya tsaya neman kujerar sanata da ke hannun Stephen Douglas na Democrat. Rigimarsu a kan bauta ce: a bar ta ta bazu zuwa sababbin yankunan yamma, ko a taka mata birki?

Sau 7 suka yi muhawara a bainar jama'a, daga garin Ottawa ranar 21 ga Agusta har zuwa Alton ranar 15 ga Oktoba. Kowace muhawara awa 3 cur, babu lasifika, manoma suna tsaye a fili suna kasa kunne. Awa 3, jama'a! Yau a gayyaci ɗan takara ya zo gidan rediyo na minti 30 ya amsa tambayar talaka, sai ya turo uzuri. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

To, a wancan zamani 'yan majalisar jiha ne ke zaɓen sanata. Ranar 2 ga Nuwamba aka zaɓi 'yan majalisar, kuma da aka tara ƙuri'un jihar gaba ɗaya, mutanen Lincoln ne kan gaba. Amma da majalisa ta zauna a Janairun 1859, Douglas ya samu ƙuri'a 54, Lincoln 46.

Me ya jawo haka? Tsohuwar ƙidaya. An raba kujerun majalisa ne bisa ƙidayar 1850, alhali a cikin shekaru 8 arewacin jihar, da birnin Chicago, sun cika maƙil da sababbin mazauna. Kudanci, tungar Douglas, ya ci gaba da riƙe kujerun da suka fi ƙarfin yawan mutanensa. Ba sai an saci akwati ba, ba sai an sayi ƙuri'a ba. Tsohuwar ƙidaya kawai ta rage wa mutum darajar ƙuri'arsa tun kafin ya fito daga gida. Sai a 1913 aka yi wa tsarin mulkin Amurka gyara na 17, jama'a suka fara zaɓen sanata da hannunsu.

Mu kuwa a Najeriya, da muka ari tsarin shugaban ƙasa da majalisa biyu daga Amurka a 1979, rabonmu da ƙidaya tun 2006. Yaron da aka haifa bayan masu ƙidaya sun wuce a wannan shekarar ya kai shekarun yin zaɓe a 2024, kuma har yau ba a ƙirga shi ba. Don Allah, masu riƙe da madafun iko, da wane lissafi ake raba masa wakilci?